Daga Rumbu Zuwa Buhu: Tarihin Yunwa da Tsadar Hatsi a Birnin Sakkwato

Tsofaffin da muka tarar a birnin Sakkwato, Allah ya jiƙansu da rahama, ba su kasance suna lissafin shekarunsu da hijira ko da miladiyya ba, sai dai da sarautar sarakuna da kuma sunayen yunwa. In ka tambayi tsohuwa yaushe aka haife ta, sai ta yi shiru kaɗan tana duban ƙasa, sa'an nan ta ce maka ana 'Yar Buhu tana goye, ko kuwa an kai ta ɗaki shekarar 'Yar Gusau, kuma da wannan amsa duk wanda ya san ƙasar ya san shekarunta ba tare da kuskure mai yawa ba. Kakata ta wajen uwa tana cikin masu irin wannan lissafi, kuma daga bakinta na fara jin sunayen nan tun ban san ma'anarsu ba. Sai da na girma, na yi ɗan karatu, na sake bin su ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan na lura da abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, wato cewa da yawa daga cikinsu ba su ambaci fari ba, ba su ambaci fara ba, alhali kuwa su ne aka saba ɗora wa laifi. Buhu mazubi ne, Gusau gari ne mai tashar jirgin ƙasa, Buhari kuwa, wanda 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka suka laƙaba wa yunwar 1984, sunan shugaban da ya rufe iyaka ne. Ashe talaka, da ya zo sa wa wahalarsa suna, hanyar da hatsi ya biyo ya iso gare shi ya duba, ko kuwa hanyar da aka toshe masa.

Shi dai birnin nan, in aka bi asalinsa, mutanen da suka ga yunwa ido da ido ne suka kafa shi. Bayan hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yarda da shi, daga Degel zuwa Gudu a 1804, jama'arsa ta wayi gari ba gona ba rumbu, ga iyali, ga dabbobi, ga yaƙi, har ƙarancin abinci ya kai su ga ƙaura zuwa Sabon Gari ta ƙasar Zamfara a 1805, inda neman abin da za a ci ya zama ɗaya daga cikin sabubban da suka ɓata tsakaninsu da Zamfarawan da suka karɓe su da farko. Muhammadu Bello ya ga wannan duka yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, kuma ba na shakkar cewa wanda ya ga irin haka da ƙuruciya ba ya mantawa. Da ya zo kafa Sakkwato a 1809, a bisa tudun da ke fuskantar mahaɗar Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, sai ya dace da wuri mai arziki iri biyu: ga tudu mai jigawa inda gero da maiwa da wake ke yi a cikin gajeruwar daminarmu ta wata huɗu, ga kuma fadama mai faɗi wadda gulbi ke shafewa kowace shekara ya janye ya bar laka, inda ake samun shinkafa da kifi, in rani ya yi kuma a sami albasa da alkama da rake. Shekarar da ruwa ya yi ƙaranci tudu ya ƙi, fadama takan rufa asiri. Shekarar da ruwa ya yi yawa fadama ta nutse, tudu yakan ɗauki nauyin gida. A kan ƙafafun nan biyu birnin ya tsaya fiye da shekara ɗari da hamsin.

Sarkin Musulmi Bello kuwa bai bar al'amarin ga dabarar manomi kaɗai ba. A cikin littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina, ya sanya kula da manoma da maƙera da mahauta da sauran masu sana'a, da gyaran kasuwanni da hanyoyi, da kwaɗaitar da talakawa ga neman abinci da tanadinsa domin gaba, duk a cikin haƙƙoƙin da ke wuyan shugaba. Ya kuma bi maganarsa da aiki, ya kafa ribaɗai irin su Wurno, ya zaunar da mutane a cikinsu ya sa su noma. Zakkar hatsi, wadda shari'a ta yanka ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin haka kuma ga abin da aka yi wa ban ruwa da wahala, da dami ake fitar da ita, kuma hatsi takan zauna a rumbu kusa da gonar da ta haife ta, ta yadda in shekara ta ɓaci ba sai an yi tafiyar kwanaki kafin a same ta ba.

Ni na riski ƙarshen wannan tsari a gidan kakannina, a wani ƙauye arewa da birni. Rufewa uku ce a tsakar gidan, kowace an gina ta da laka a bisa duwatsu domin danshi da gara, an kifa mata jinka, ba ta da ƙofa sai baki daga sama. Ba a sussuke geron da za a ajiye; da zangarniyarsa ake jera shi, dami bisa dami, domin geron da ke jikin zangarniya yakan yi shekaru ƙwari ba su ci ƙarfinsa ba, kuma da na zo karatun ƙissar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, na tarar shawarar da ya ba mutanen Masar ke nan, su bar abin da suka girbe a cikin zangarniyarsa. Kakana kaɗai ke hawa tsani ya shiga, da sassafe, ya miƙo wa mata damin da za a sussuka. Biyu daga cikin rufewoyin su ake ci. Ta ukun, wadda yake kira ta tsimi, ba ya buɗe ta sai ya ga geron gona ya fitar da kai ya tabbatar shekara ta yi, kuma a wurinsa abin kunya ne magidanci ya kai ga cin sabon hatsi saboda tsohon ya ƙare. Dukiyarsa ke nan, ita ce kuma martabarsa a bainar jama'a, domin a zamanin nan ba da tufafi ake auna mutum ba, da yawan jinkar da ta leƙo ta saman dangarsa ake aunawa.

Amma gaskiya ta wajaba a faɗe ta ko a kan wanda ake ƙauna. Wani kaso mai yawa na hatsin da manyan gidajen birni suke ci a zamanin daula, gumin bayi ne da ke noma a rinjoji da gandaye, kuma bawan da ya cika rumbun ubangijinsa ba lalle ne ya kwana da ƙoshi ba. Yaƙin Gobir da na Kabi ya sha hana noma a ƙauyukan gefe, annobar da ta faɗa wa shanu wajen 1890 kuma ta mai da masu garke matalauta a cikin 'yan watanni. An yi yunwa kafin Turawa, an kuma mutu. Abin da nake cewa kawai shi ne, a wancan zamani abincin gobe yana cikin gida ko cikin unguwa, idon mai shi yana kansa.

Ranar 15 ga Maris 1903 sojan Ingila suka ci Sakkwato a filin Giginya, kuma daga cikin abubuwan da suka sauya bayan haka babu wanda ya shiga tukunyar talaka kamar haraji. Mutanen ƙasar Sakkwato kanta ba su san kuɗin ƙasa irin wanda ake biya a Kano da Katsina ba, zakka suka sani. Sai ga shi an aza wa kowane baligi haraji, da farko ana karɓar wuri da kaya, daga baya aka ce sai sule da kwabo. An kafa wa En'e taska aka bar mata tsohon suna, aka ce baitulmali, amma abin da ke cikinta kuɗi ne na biyan albashi, ba a buɗe ta a fitar da dami. To, manomin da ba ya da abin sayarwa sai geronsa, kuma aka zo masa da takardar haraji da kaka, lokacin da kowa ke sayarwa, hatsi yana arha kamar ƙasa, ba shi da wata dabara face ya kwance dami ya kai kasuwa. In damina ta yi tsakiya, rumbu ya yi kaf, gona kuma tana neman ƙarfinsa, sai ya koma ya sayi geron nan nasa da ninkin kuɗin da ya sayar, ko kuwa ya ci falle, wato a ba shi dami ɗaya ya biya biyu da kaka, abin da malamai ba su gushe suna cewa riba ce tsantsa ba. Rufewar tsimi ita ce ta fara tafiya a cikin wannan juyi, domin ita ce rarar da ake iya taɓawa ba tare da an kwana da yunwa a daren ba, kuma tafiyarta ba ta da ƙara, ba wanda ya ji ta sai ranar da aka neme ta.

Ranar kuwa ba ta daɗe ba. Daminar 1913 ta ƙi daga nan har Barno, kuma a 1914, zamanin Sarkin Musulmi Attahiru na biyu, aka yi yunwar da aka fi sani da Ƙaƙalaba, ko da yake kowace ƙasa da sunan da take kiranta. Mutanen arewa, daga ƙasashen da Faransa ke mulki, suka kwararo kudu da abin da ya rage musu na dabbobi, suka tarar da waɗanda suka zo wurinsu su ma hannu sake. Kakata ta karɓo daga mahaifiyarta labarin abin da aka ci a shekarar, kuma takan faɗe shi a hankali kamar mai karanta sunayen mamata: dusa, da tafasa, da bado da ake tsamowa a tafki, da 'ya'yan ƙarangiya da ake sussukawa duk da ƙayarsu, da 'ya'yan anza waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin ɗacinsu ya fita su ciwu. Mata sukan bi layin tururuwa har gidanta, su tona, su kwashe ɗan tsabar da ta tara. Gwamnatin Turawa, wadda a watan Agustan shekarar yaƙi ya ɓarke mata a Turai, ba ta kawo wani agaji na a zo a gani ba, harajinta kuma bai tsaya ba.

Jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano tun 1911, kuma shi ne ya kawo sabon salo a yunwar 1927, inda aka ga hatsi yana zuwa daga nesa a cikin buhu, ana aunar da shi ga mai kuɗi, har buhun ya ba shekarar suna. Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne ga mutanen da suka san hatsi a dami da taiki da ƙwarya. A 1929 aka kai reshen dogo daga Zariya ta Gusau har Ƙauran Namoda, a nan ya tsaya, bai kuma ƙara taku ɗaya zuwa Sakkwato ba har yau ɗin nan, domin waɗanda suka shimfiɗa shi gyaɗa da auduga da fata suke so su fitar zuwa teku, kuma sun sami abin da suke so tun daga can. Birnin Shehu ya zauna a bayan ƙarshen dogo da tazarar kimanin kilomita 200, duk abin da zai zo masa sai a bayan jaki da raƙumi, daga baya kuma a lori. Da fara ta cinye yammacin Nijar aka yi yunwar 1931, Faransawa suka tilasta wa kowane gari ajiye hatsi a rumbunan tsimi na hukuma. Manufar daidai take, amma da yake da bulala aka yi ta, kuma mabuɗin yana hannun wanda ba a amince da shi ba, talakawa sun ƙi jininta. Sa'an nan Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, aka yi ɗiban gwamna, ana kwasar maza daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, ana kuma karɓar hatsi da farashin da hukuma ta yanka domin ciyar da su da soja, a daidai lokacin da damina ta yi rauni. Yunwar da ta biyo baya ita ce 'Yar Gusau ta 1942, wadda dattawa ke cewa an kira ta haka ne domin can ake tafiya, da jaki ko da ƙafa, a nemo abin da za a ci.

Talaka ya nemi mafita, mafitar kuwa ita ce cin rani, kuma sunan kansa ya bayyana hikimar: namiji ya fita bayan girbi ya je ya ci abincin wata ƙasa, domin ɗan abin da ke rumbu ya ishi mata da yara har faɗuwar ruwa. A ranin 1952 zuwa 1953 aka ƙidaya masu fita ta hanyoyin Lardin Sakkwato, kamar yadda wani Baturen bincike mai suna Prothero ya rubuta, aka sami fiye da mutum 200,000, wasu sun nufi gonakin koko na ƙasar Yarbawa, wasu Gwalkwas, wasu Jos.

Daminar da ta biyo bayan wannan ƙidaya ita ce ta haifi yunwar da ake kira Muda, kuma Muda ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce ta karya zaton cewa yunwa 'yar fari ce kaɗai. A 1953 ruwa ne ya yi yawa. Aka yi ta marka ba ƙaƙƙautawa, gero ya yi rawaya a tsaye, ciyawa ta fi ƙarfin hauya, gulbi ya cika ya shafe shinkafar fadama, ƙafafun nan biyu da birnin ke tsaye a kansu suka karye a shekara ɗaya, abin da ba a saba gani ba. Da aka shiga 1954 rumbuna suka ƙare tun kafin bazara, a nan da ƙasashen Nijar da ke maƙwabtaka da mu. Hatsi yana nan a wasu lardunan, kuɗi ma wasu suna da shi, amma hanyar da za ta kawo shi ta jar ƙasa ce wadda ruwa ke yankewa. Kakata takan ce a shekarar ce ta fara ganin garin rogo na Kudu, wanda muke kira garin kwaki, kuma da farko matan unguwa ba su san yadda ake sarrafa shi ba, sai suka tuƙa shi kamar tuwo yara suka ƙi ci, daga baya yunwa ta koya wa kowa. Wannan duka ya faru ne a zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na uku, shekara shida kacal kafin mulkin kai, ba a wani zamani mai nisa ba.

Bayan babban farin 1972 zuwa 1974, wanda ya kashe dabbobi ya kuma sake cika birni da baƙi daga arewa, gwamnati, da kuɗin man fetur a hannunta, ta yanke shawarar cewa maganin yunwa shi ne a kama gulbi a tsare. Aka kafa hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, aka ba kamfanin Impresit na Italiya aikin madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, aka gina ta tsakanin 1974 da 1978. Ba na zargin niyyar waɗanda suka tsara ta, domin duk wanda ya ga gawar shanu a bakin hanya a 1973 zai so ya ga ruwa a tsare. Amma an karɓe gonakin mutane, an hana su noma shekaru ana gyaran fili, diyya ta yi jinkiri ko ta ɓace a hanya, da suka tare hanyoyin aikin suna neman haƙƙinsu kuwa, a watan Afrilu na 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka kashe mutanen da har yau adadin da hukuma ta faɗa da wanda mutanen wurin ke faɗa ba su kusanci juna ba. Wannan an sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya sami mutanen da ke ƙasan madatsar, daga can har zuwa kusa da birni, waɗanda ba a karɓi gonarsu ba, ba a kuma biya su kome ba, amma ambaliyar shekara-shekara da ke shayar da fadamarsu ta ragu, dubban kadadar shinkafa suka koma gonar gero mai ƙaramin amfani, rijiyoyin lambu suka yi zurfi, masunta suka rataye koma. An ƙara madatsar Goronyo a kan Rima a 1984, kuma ita ce ke ba birni ruwan sha, wannan alheri ne. Amma a watan Satumba na 2010, da ruwa ya fi ƙarfinta, abin da ya biyo baya ya cinye gonaki da ƙauyuka, ya kuma tafi da gadar da ke kai mutane Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Shirye-shiryen ciyar da ƙasa na 1976 da na 1980 sun zo sun wuce, kuma abin da ya fi su tasiri a cikin gidajenmu shi ne jiragen ruwan da ke sauke shinkafa da alkama a Ikko. A cikin shekara ashirin bakin mutanen birni ya sauya, burodi ya shiga karin kumallo, shinkafar waje ta kori jar shinkafarmu daga tukunyar biki, gidajen da ake ginawa kuma ba a barin wurin rufewa a cikinsu, sai ɗan sito na ajiye buhu ɗaya ko biyu. Hukumar hatsi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1977 domin ta saya da kaka ta ajiye, an rushe ta a 1986 tare da sauran hukumomin ciniki. A tsakanin nan aka rufe iyakokin ƙasa daga 1984 zuwa 1986, daidai da wani farin, mutanen Ƙonni da Tawa da Maraɗi, waɗanda kasuwarsu da tamu ɗaya ce tun kafin a ja layi tsakaninmu, suka ba yunwar sunan da na ambata da farko.

Yau in ka bi buhun gero daga kasuwar birni ka koma da baya, za ka tarar ya bi hannu huɗu ko biyar: manomi, da ɗan sakai da ke bin kasuwannin ƙauye irin su Achida da Goronyo da Illela yana tarawa kwano-kwano, da dillali, da mai mota, da mai sito, kafin ya iso gaban ma'auni, masara da wani kaso na dawa kuwa daga nesa suke zuwa, ta hanyar Funtuwa da Gusau, wadda ita ce maƙogwaron birnin. Kowane ɗaya daga cikin hannuwan nan an taɓa shi a cikin 'yan shekarun nan. Manomin gabashin jiha, a ƙasashen Sabon Birni da Isa da Raba, sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe, wanda ya kasa kuwa ya kwashi iyalinsa ya shigo birni ya zauna a kango, mai ciyarwa ya koma mai neman a ciyar da shi. A watan Oktoba na 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo ana tsakiyar ci, aka kashe fiye da mutum arba'in, kuma kasuwar da aka zubar da jini a cikinta takan daɗe ba ta koma cika ba. A farkon shekarar, da masu safarar abinci suka dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, sai muka ga ɗaya fuskar matsalar, albasa da tumatir suna ruɓewa a hannun waɗanda suka noma su saboda babu inda za a ajiye. Sa'an nan 2023 ta zo da abu uku a jere: ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin fetur, wanda shi injin ban ruwa na ɗan fadama ke sha, darajar naira ta faɗi, taki ya tashi, bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli kuma aka rufe iyakar Illela har zuwa Maris na 2024. A watan Yunin 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Da sauƙi ya fara samuwa daga baya, wani ɓangarensa ta hanyar buɗe ƙofar shigo da hatsin waje ya zo, manomin da ya sayi taki da tsada kuma ya sayar da amfaninsa da hasara.

Duk lokacin da tsada ta yi tsanani, maganar da ke bakin jama'a ita ce 'yan kasuwa sun ɓoye abinci, kuma ba ƙarya ba ne akwai masu yi, ba kuwa zunubi ne ƙarami ba. Amma malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun yi tafsili a nan wanda ya kamata a tuna: ihtikari shi ne mutum ya saye abin da ke kasuwa ya tsare har ya cutar da mutane, kuma in larura ta kai, shugaba yana da ikon tilasta masa ya fitar ya sayar, wanda ya ajiye amfanin gonarsa kuwa, ko ya yi tanadi domin iyalinsa, ba ya cikin wannan hukunci. Ina jin tsoron kada fushinmu da mai ɓoyewa ya sa mu ƙyamaci ajiyar kanta, alhali rashinta ne ya kai mu nan. Hatsin da ake girbewa a wata biyu a ci shi a wata goma sha biyu, dole wani ya riƙe shi. Da can magidanci ne da mai unguwa da mai karɓar zakka, yau kuwa mai sito ne kaɗai, da kuɗin da ya ranto, yana kuma jiran ribarsa. A shekarar toka, da yunwa ta kama Madina, Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya aika wasu larduna aka kawo abinci, kuma an samu ne domin a can akwai abin da aka ajiye, hanyar kuma tana da aminci.

Ran nan da la'asar sakaliya na tsaya a rumfar wani ma'auni a Tsohuwar Kasuwa, muna gaisawa, sai ga wata dattijuwa ta zo ta tsuguna a gaban buhun gero, ta kwance bakin mayafinta ta fito da kuɗi a ƙudundune, ta tambayi kwano. Da ya faɗa mata sai ta ce, "Haba ɗana, shekaranjiya ba haka ka ce mini ba." Ya ce, "Wallahi Inna, ba ni na aza ba, haka na sawo shi Achida, kuɗin mota ma ban fitar ba." Ta sake ƙirga abin da ke hannunta, sa'an nan ta ce ya auna mata na kuɗinta. Ya ture kwanon gefe, ya ɗauko gwangwanin madara, ya auna mata huɗu, ya dubi fuskarta, ya ƙara mata gyara da tafin hannunsa. Wajen ƙulla ledar 'yan ƙwayoyi suka zube a kan tabarma, ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya ta tsince, ta mayar ciki, ta yi masa addu'a, ta miƙe ta nufi ƙofar kasuwa ana kiran magariba.